Alawar da Ba a Rabawa

São Paulo, watan Maris

Goggo, kin taɓa ganin abincin da ake sa wa riga, har a ɗaura masa ɗamara? To ni na gani, kuma aikina ke nan yanzu.

Af, na fara surutu ban nemi albarka ba. Ki sa mini albarka, Goggo Adalgisa. Ni ne Gildásio. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya. Yaya gwiwar? Yaya awaki? Baƙar akuyata ta haihu kuwa? An samu ruwa bayan tafiyata? Ki gaida Dona Nicinha da za ta karanta miki, ta yi haƙuri da rubutuna, iyakar abin da aji biyu ya ba ni ke nan.

Na iso lafiya, sai dai ƙafafuna sun kumbura a bas. Baba Tibúrcio direba ya riƙe amana, bai sake ni ba sai da ya damƙa ni hannun Yaya Luzinete a tasha. 'Yarki ta yi ƙiba, Goggo, ta yi kyau. Ta rungume ni tana shinshinar rigata, wai ƙanshin hayaƙin murhunki take ji. Garin nan kuwa har yau ban gane kansa ba. Ranar farko duk wanda na haɗu da shi a hanya sai na gaishe shi, ba wanda ya amsa, wata ma ƙanƙame jakarta ta yi. Yaya Luzi ta ce in daina kafin a ce sabon kamu ne.

Ta samo mini aiki inda take yi, gidan wata tsohuwa Dona Ercília mai alawar biki. Abu ɗaya tak suke yi, sunansa bem-casado, wai auren da ya yi kyau. Kek ne ƙanana guda biyu, kowanne bai wuce bakin kofi ba. Sai a shafa musu madarar nan da ake dafawa da sukari har ta yi ja, irin taki, a haɗa su fuska da fuska, a tsoma a ruwan sukari, a bar su su kwana suna shan iska. Sannan a naɗe a takarda mai laushi a ɗaure da ɗan ƙyalle. Duk wanda ya je biki, in zai fita sai a miƙa masa ɗaya. Ni nake fasa ƙwai, ni nake sauke buhun fulawa, yanzu an fara koya mini ɗauri. Sun ce ina ɗaure alawa kamar mai ɗaure akuya a turke.

Ranar da na fara, na ga wani bem-casado ya karkace an ajiye shi gefe. Na ɗauka na ɓare shi biyu in ga abin da ke ciki. Sai jin muciyar Dona Ercília na yi a bayan hannuna.

"Kai ɗan ƙauye! Auren wa kake kashewa da sassafen nan?"

Na ce, "Dona, dubawa kawai nake yi."

Ta ce, "Da ido ake dubawa a gidana!"

Ta fizge, ta yi alamar gicciye, ta sake manna su tana ta mita. Matan kicin suka yi ta ƙyalƙyala dariya, yanzu sunana Mai-kashe-aure. Yaya Luzi ce ta ja ni gefe ta ce ɗaya miji ne ɗaya mata, ba a raba su. Wanda ya raba ya yi wa auren mugun baki. A haɗe ake gatsa. Dona Ercília kuma ta rantse ba zan ɗanɗana ba sai ranar da aka gayyace ni biki kamar mutum.

To, ga maganar da nake ta kewaye-kewaye. Yaya Luzi za ta yi aure watan Mayu. Sunansa Aparecido, Cido ake ce masa, gyaran bas yake yi. Gajere ne mai sanƙo, in yana dariya har maƙwabta sai sun leƙo. Takardar rabuwarta da mijinta Deusdete ta fito daga kotu, kuma alƙali ne zai ɗaura wannan tunda Fadan coci ba zai ɗaura ba. Ta ce duk takardar da ta aiko miki Baba Tibúrcio ya dawo mata da ita ba a buɗe ba. Ba komai take nema ba, Goggo. Ki ce Allah ya yi mata albarka, shi ke nan. Ni dai na isar.

Ɗanki,
Gildásio

*

Baixa das Cabras, watan Afrilu

Gildásio, Allah ya yi maka albarka.

Gwiwa tana nan yadda ka bar ta. An yi ruwa mai kyau, masara ta kai ƙugu, wake ya fara fure. Akuyarka ta haifi biyu, ɗaya bai zo da rai ba. Ka riƙa sa rigar sanyin nan ta ubanka, an ce garin ba ya tausayin ƙirji.

Nicinha ta ce rubutunka kamar kaza ta yi tono. Ta sha wahala, sai ta tsallake surutun kicin ta karanta mini ƙarshen, inda maganar take. Na ji.

Ka saurara. Ranar da uwarka ta mutu, dangin ubanka na kusa kowa ya sunkuyar da kai, ni ta nesa na goya ka na kawo ka gidan nan. Ban taɓa goranta maka ba, yau ma ba gori nake yi ba, so nake ka san wa ke magana. Luzinete tana da miji. A gaban bagadin coci na miƙa ta, da farar riga, duk garin nan sun gani. Deusdete yana nan da ransa, ranar kasuwa ma ya wuce ya gaishe ni. Abin da Allah ya ɗaura, alƙalin birni da alƙalaminsa ba zai kwance ba. Wannan da za a yi ba aure ba ne, ko da an sa masa riga an ɗaura masa ɗamara.

Na tura ka can ka yi aiki, ban tura ka rakiyar kunya ba. Ranar abin nan ka kwanta ka ce zazzaɓi kake. Kada ƙafarka ta taka wurin. Kada ka ci ko ƙwayar shinkafarsu, ko ruwa kada ka sha. Wanda ya ci abincin biki ya shaida bikin. In ka ci, to ka zaɓa, kuma ba sai ka wahalar da kanka zuwa bikin São João na watan Yuni ba, wutar da kowa ke kunnawa a ƙofar gida daren bikin zan kunna tawa ni kaɗai.

Nicinha ta ce in sassauta. Na ce ta rubuta yadda na faɗa.

Ita kuwa ba ni da saƙo gare ta.

Goggonka,
Adalgisa

*

São Paulo, watan Mayu

Goggo, ki sa mini albarka, in har kina iyawa bayan kin ji wannan.

Ina lafiya. Sanyi ya shigo, yayyafi kullum, ina sa rigar Baba yadda kika ce. Na ji daɗin labarin masara. Ɗan akuyar da ya rayu a bar shi, kada a sayar.

Na je, Goggo. Na ci kuma. Gara ki ji daga bakina kafin Baba Tibúrcio ya ƙara masa gishiri.

Ba wai ban gwada bin maganarki ba. Da safen na lulluɓa na ce kaina ke ciwo. Yaya Luzi ta shigo da shuɗiyar rigarta, ta taɓa goshina, ta ce, "Mama ce ta rubuto, ko?" Na ƙara lulluɓa. Ta ce, "Kwanta abinka, ƙanena, ba zan sa ka tsakiya ba." Ta juya za ta fita, sai na ga zif ɗin rigarta bai kai sama ba, kuma ba kowa a ɗakin da zai ja mata. Na tashi na ja. Daga nan kuma ban san yadda aka yi ba, sai ga ni da takalmi a ƙafa.

A wurin alƙali dangin Cido sun cika benci, har da kakarsa da aka ɗauko a kujera. Ɓangaren amarya ni ne, sai Dona Ercília da matan kicin. Da aka gama, Cido ya bi tsofaffinsa ɗaya bayan ɗaya yana sumbatar hannu yana neman albarka. Yaya Luzi ta tsaya tana gyara jakar da ba abin da ya same ta. Ni ƙaninta ne, ba ni da albarkar da zan sa mata. Ban taɓa jin haushin zama yaro ba sai ranar.

An yi shagalin a garejin da Cido ke aiki. An tura bas-bas waje, an wanke ƙasa, amma warin baƙin mai yana nan. An yi wake da nama, an yi kiɗa irin na gida, na yi rawa da wata mai suna Cleonice har na taka mata ƙafa ta ce da ma da kofato na zo. Abincin ban ci ba, ina ta tuna maganarki, cikina yana kuka. Na ce to, na shiga amma ban ci ba, rabin laifi ke nan.

Sai da aka zo tashi. Dona Ercília tana bakin ƙofa da farantin alawar biki. Da hannunta Yaya Luzi ta yi waɗannan, tsohuwar ta ba ta ƙwai da fulawa kyauta. Na so in zame ta gefe, ta kamo rigata.

"Ina za ka, Mai-kashe-aure? Yau kai mutum ne. Ungo."

Na ce, "Dona, na ƙoshi."

Ta ce, "Ƙarya kake, tun ɗazu nake jin cikinka daga nan. Wanda ya ƙi karɓa ya ƙi auren. Ka ƙi shi?"

Na duba, ga Yaya Luzi can tana kallona. Na karɓa. Na kwance ɗaurin, kuma na gane nawa ne, don ya fi kowanne muni. Dona Ercília ta ce in rufe ido in roƙi abu ɗaya a zuci kafin in gatsa. Ina jin muryarki kamar kina bayana. Na gatsa a haɗe.

Goggo, ban san yadda zan gaya miki ba. Bayansa yana ɗan fashewa a haƙori kamar ɓawon laka in tafki ya fara bushewa, amma na sukari. Cikinsa kuma ba a tauna shi, narkewa yake yi. Sai madarar ta biyo baya ta manne a ganɗa ta ƙi tafiya. Duk rayuwata na ɗauka mazarƙwaila ce ƙarshen zaƙi. Na tsaya ina jira in ga ko wani abu zai same ni. Ba abin da ya same ni. Na lashe takardar.

An ce ba a faɗar abin da aka roƙa. Ni zan faɗa. Na roƙi Allah ya tausasa miki kai.

Na shaida bikin, yadda kika ce. Na shaida, kuma ban ga abin kunya ba, sai mutum biyu da ke son juna da warin baƙin mai.

A nan in wani bai samu zuwa ba ana aika masa nasa. Yaya Luzi ta zaɓi wanda ya fi kyau, ta naɗe da kanta. Yana cikin gwangwanin madara da Baba Tibúrcio zai ba ki tare da takardar nan. Ba ya jure dogon ajiya. In kin ga dama ki ba alade.

Gildásio

*

São Paulo, ƙarshen watan Mayu

Goggo Adalgisa,

Ina lafiya. Ina fata kina lafiya. Ban nemi albarka ba, kuma ba mantuwa na yi ba.

Jiya Baba Tibúrcio ya biyo ta kicin ya kawo gwangwanin. Na tambaye shi takarda fa, ya ce babu, wai kin miƙa masa ta taga kin ce a ba Luzinete, kin juya. Yaya Luzi ta goge hannunta a zane. Kin san rabon da ki aiko mata da ko tsinke? Matan kicin suka taru a kanta. Ta buɗe tana dariya.

Rabi, Goggo. Ɓari ɗaya, a bushe, naɗe cikin ganyen masara.

Dona Ercília ta yi alamar gicciye ta ce, "Tun ina yarinya nake wannan sana'a, na ga kishi, na ga gaba, ban taɓa ganin uwa ta yi wa 'yarta haka ba." Yaya Luzi ba ta yi kuka a wurin ba. Ta rufe gwangwanin a hankali, ta koma kan aikinta, tana shafa madara tana haɗawa, tana shafa madara tana haɗawa, har aka tashi. Da ta yi ihu da ya fi mini sauƙi.

Kada ki ce ba ki sani ba. Da hannuna na rubuta miki a takardar farko, har muciyar da na sha na ba ki labari. Da kin ba alade da na ce fushi ne. Da kin dawo da shi a rufe da na ce Goggo ce, mun saba. Amma ki zauna ki kwance, ki raba miji da mata, ki biya mota ta kawo mata har São Paulo? Wannan ba tsoron Allah ba ne. Ban yi karatu ba amma na san wannan.

Tunda abin ya kai haka bari in faɗi abin da kowa a Baixa das Cabras ya sani yake haɗiyewa. Deusdeten da kike ba gahawa ranar kasuwa yana da mace a Picos, har da 'ya'ya, babban ya isa aike. Ni na je na ɗauko Yaya Luzi a kan jaki ranar da ya sayar da kekenta na ɗinki ya rufe mata ido da mari. Ke kika dafa ruwan da aka gasa mata fuska. Washegari kika ce ta koma. Shi yana wucewa ya ɗaga miki hula ki amsa, ita ko albarka ta fi ƙarfinta. In haka bagadi ya ce, to ni ban ji lokacin da ya faɗa ba.

Kuma in kina son sanin inda mugun bakinki ya ƙare, ga shi. Da yamma Cido ya dawo ya tarar da ita zaune da gwangwanin a cinya. Na gaya masa. Ya ɗauki ɓarin ya juya shi, ya shinshina.

Yaya Luzi ta ce, "Ajiye, Cido, ba abin wasa ba ne."

Ya ce, "Surukata ce ta fara aiko da abu gidana, in bar shi ga tururuwa? Gildásio, zubo gahawa."

Ta ce, "Tsinuwa ce fa!"

Ya ce, "To ta shiga cikina ta gamu da waken jiya, a ga wanda zai ci wani."

Ya tsoma ya cinye. Yau da safe ya tafi aiki yana fito.

Kin ce in na ci kada in zo São João. Kada ki damu, ba zan zo ba. Ragata ta kwanciya da ake ratayewa ki ba wanda kika ga dama. Akuyar kuma ki riƙe, ladan goyo.

Gildásio

*

Baixa das Cabras, ƙarshen watan Mayu

Gildásio, mai kunnen ƙashi, Allah ya yi maka albarka duk da haka.

Ina nan. Gwiwa ta tashi da sanyin safe. An fara cin ɗanyar masara. Na daɗe ban aiko ba don Nicinha ta tafi Teresina wurin haihuwar 'yarta. Kafin ta tafi ta karanta mini takardarka a tsaye, da jaka a kafaɗa. Jiya ta dawo. Wannan zan ba yaron motar garin Floriano, ba zan jira Tibúrcio ba.

Ka taka maganata. Za mu yi wannan shari'ar in ka zo, ba a takarda ba. Wai ka roƙi Allah ya tausasa mini kai. Naka kan fa, wa zai roƙa masa?

Gwangwaninku na ajiye shi ƙarƙashin hoton Uwar Yesu, na ce da safe alade zai samu. Da safe na ce gobe. Sai na ga tururuwa sun yi layi suna hawa bango. Na ce a'a, abin da hannun da na haifa ya yi, ba tururuwa za su riga ni ba. Na buɗe don in gani kawai. Ɗaurin nata ne, na gane shi, haka take ɗaure kitson 'yar tsanarta tun tana ƙarama, kunne ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Na ɗauko wuƙa, ashe ba a bukata. Da na murɗa kaɗan sai ya rabu da kansa gida biyu daidai wa daida. Na ce mutanen birni ma ashe suna da hankali, sun yi abu yadda za a raba ba faɗa.

Na ci ɗaya. Ka ji, na ci. Ba laifi. Madarar ba ta ji wuta yadda ya kamata ba, ka gaya mata ta daina gaggawa, kullum halinta ke nan a gaban tukunya.

Ɗayan na aika mata. Yaushe aka taɓa cin abu mai daɗi a gidan nan mutum shi kaɗai? Ƙwai ɗaya na sha raba muku, ku biyu kuna hararar wuƙa. Na san amarya ba ta samun sukunin cin abin bikinta. Ni da ita mun ci abu ɗaya ke nan. Ba ni da mai rubutu ranar, amma na ce za ta gane, 'yata ce.

Kada ta ɗauka na ce aure ne. Ban ce ba, kuma ba zan ce ba. Wancan mutumin ban san shi ba, ba na son jin sunansa. Amma na tsufa, Gildásio, kuma na gaji da mayar da takardu. Ka ce mata Allah ya yi mata albarka. Ita kaɗai. Ka faɗa mata da bakinka yadda na faɗa, kada ka ƙara kada ka rage.

Ka rubuto ka gaya mini, ta ci? Me ta ce?

Ka zo São João. Na ware maka masara.

Goggonka,
Adalgisa

*

São Paulo, watan Yuni

Goggo, ki sa mini albarka. Ki sa biyu, da ta wancan karon.

Muna lafiya. Takardarki ta zo jiya. Tawa kuma na san ta riga ta isa, sun yi saɓani a hanya, kuma na san wannan karon Dona Nicinha ba ta tsallake komai ba. Ki tambaye ta ta nemo takardata ta farko ta karanta miki surutun kicin ɗin, za ki gane abin da ya haukata mu. A nan raba abin nan zagi ne mafi muni. Ke kuma kin raba shi kamar ƙwai. Na karanta wurin da kika ce mutanen birni suna da hankali, na zauna a kan buhun fulawa, ban san dariya zan yi ko kuka ba.

Na isar da saƙonki a gaban kowa, ban ƙara ba ban rage ba. Yaya Luzi ta ce in sake faɗa. Na sake. Ta ce in nuna mata wurin a takarda, ta ɗora yatsa a kai. Sannan ta yi kukan da ta ƙi yi ran nan, har Dona Ercília ta kashe tanderu. Da na kai maganar madara kuwa ta ɗago da hawaye ta ce, "Wa ya gaya mata? Madarata ta ji wuta!"

Kin tambaya ko ta ci. Kin riga kin sani, ba ta ci ba. Wancan mutumin da ba ki son jin sunansa, Aparecido, shi ya cinye rabon da kika aiko. Da na karanta masa ya ce, "Ni fa, ba ta ce komai a kaina ba?" Na ce ta ce ba ta san ka ba. Ya ce, "Ba ta san ni ba muka ci abu ɗaya? To ai sai in je ta gan ni."

Yanzu maganar takardata. Abin da na ce kin yi mugun baki, na janye, ki yafe mini. Maganar ladan goyo ma na janye, ita ta fi damuna, kuma akuyata tawa ce. Amma abin da na faɗa a kan Deusdete ban janye ko harafi ba. In za ki yi mini shari'a a kansa, ki yi, zan tsaya. Kuma kin ce albarkar tata ce ita kaɗai. Na isar haka, amma ban yarda ba. Ban ga yadda za a yi ruwa a kan mace mijinta yana gefenta bai jiƙe ba.

Za mu zo São João. Mu uku. Ba izini nake nema ba, gaya miki nake yi don ki ƙara masara. Cido ya ce zai duba famfon rijiyar da ya lalace, ko kin yi masa magana ko ba ki yi ba. In kin rufe ƙofa za mu kunna tamu wutar a gindin yazawa, duk gari su zo su tambaye mu dalili.

Ki rataya raga uku, Goggo. In biyu kika rataya, zan ba shi tawa ni in kwana a ƙasa, a gabanki, ki yi ta tsallake ni da wannan gwiwar.

Dole in tafi yanzu, Baba Tibúrcio ya tada mota yana ta danna mini ham.

Ɗanki,
Gildásio